Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Kujerar Tsofaffin Ɗalibai a Majalisar Jami'a

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka yi tambaya a bainar jama'a: tunda tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna da ƙungiya, wa ke riƙe da akalarta, kuma me ya sa ba a jin muryarta a majalisar gudanarwar jami'ar?

Abu biyu ka haɗa, kuma haɗa su ne ke jawo yawancin rigima. Dokar jami'o'in tarayya ta 1993, da gyaran da aka yi mata a 2003, ta ba majalisar malamai ta Sanet kujeru huɗu, taron ma'aikata masu digiri kujeru biyu, sai kujera ɗaya tak ga Kanbokeshan, wato taron da ya ƙunshi waɗanda jami'ar ta yaye. Kujerar ta wannan taron ce. Ƙungiya kuwa ta sa kai ce, ba sashen jami'a ba ce, don haka shugaban jami'a ba shi da hurumin naɗa mata shugabanni ko tsige su.

Wane ne ma ɗan ƙungiya? A nan tarihi ya shigo. An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano reshenta ce kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Haka jami'ar tarayya ta Bauchi ta zauna ƙarƙashin ABU ta Zariya daga 1984 zuwa 1988. Ke nan akwai masu digirin ABU da ba su yi karatu a harabobinta na Samaru ko Kongo da ke Zariya ba. Ga kuma masu difloma. Matuƙar tsarin mulkin ƙungiya bai fayyace matsayin waɗannan ba, ranar zaɓe za a yi ta.

Ta fuskar doka, irin wannan ƙungiya tana rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, da tsarin mulki, da bayanin taron da ya zaɓe su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Kowace shekara kuma sai an kai rahoto tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin amintattu da zaɓaɓɓun shugabanni. Amintattu ke riƙe da kadara, da sunansu ake shiga kotu. Shugabanni kuwa aikin yau da kullum ne nasu, na ɗan wa'adi. Sai a yi zaɓe, a manta ba a sauya masu sa hannu a banki ba, ko amintacce ya rasu ba a sanar da CAC ba, asusu ya maƙale. Abin takaici ne ƙwarai a ga kuɗin gyaran ɗakin kwanan ɗalibai yana kwance saboda takarda guda. Haka batun rassa: in ba a rubuta kason da reshen jiha zai tura wa uwar ƙungiya ba, ba zai tura ba.

Shawararmu, ka fara da reshen jiharka. Ka nemi kwafin tsarin mulki da rahoton mai binciken kuɗi na bara, ka biya kuɗinka ta asusun ƙungiya ba ta hannun wani ba, ka karɓi rasit. Sannan ka rubuta wa ofishin magatakardan jami'a ka tambayi yadda ake shiga rajistar Kanbokeshan da ranar da wa'adin wakilinku zai cika.

Wassalam.