Wasiƙa daga Edinbara

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Ya shago, ya zafi? Mu nan sanyi ne da iska ba dare ba rana, amma alhamdu lillahi.

Na samu saƙonka a kan hoton bikin abokin aikina. Ka ce Inna ta yi ta salati da ta ga ƙarti sun ɗaura zane, kai kuwa idon tela ya kai ka kan ƙarfen nan da ke maƙale kusa da gwiwar ango, har kana tambaya ko shi ke riƙe da tufar. Ba shi ba ne. Kilt suke ce mata, tufar gargajiya ce ta mazan nan Sikotilan, kuma maɗauran fata ne ke riƙe ta a ƙugu. Ta ainihi tana cin yadi 8 na ulu mai kauri, baya duk tattara, gaba kuma shafi biyu, ɗaya kan ɗaya.

Ƙarfen da ka gani fil ne, aikinsa ƙara nauyi. Ana soka shi a ƙasa ta gefen dama, a shafin sama kaɗai, don kada iska ta ɗaga shi mutum ya ji kunya a bainar jama'a. Ba a haɗa shi da na ƙasa. In aka haɗa, da zarar mutum ya buɗe ƙafa ko ya zauna sai yadin ya ja, tufar ta karkace, a hankali wurin ya yage. Da ka ga ya cije shafi biyu, to baƙo ne ya sa.

Sauran duk ado ne. Na angon siffar takobi gare shi, da tambarin zuriyarsu a jiki. Wasu na azurfa suke sawa. Suna ba da labarin wai Sarauniya Victoria ce ta cire nata ta maƙala wa wani soja da iska ta so tona wa asiri, amma ni dai na ɗauke shi hira.

Ka gaya wa Inna kilt ba abin wasa ba ne a wurinsu. A 1746 gwamnatin Birtaniya ta hana mutanen tsaunukan Sikotilan sa ta, sai a 1782 aka janye dokar. Yanzu akasari sai biki ko taro, kuma da yawa haya suke ɗaukowa saboda tsada.

Kuɗin maganin Inna zan turo ƙarshen wata in Allah ya so. In ka samu mai zuwa, a aiko min da yaji da kuka, nawa sun ƙare. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka