Godiya Ga Hukumar GEUS Kan Taswirorin Tsibirin Milne Land

Zuwa ga ma'aikatan GEUS, hukumar binciken duwatsu da ma'adanai ta Danmak da Girinlan da ke Kopenhagen, gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ya aiki ya sanyi.

Ni malamin jogirafi ne a wata sakandare a nan arewacin Najeriya, kuma dalilin wannan wasiƙa shi ne taswirorin gabashin Girinlan da kuka zuba a intanet kyauta, ko sisi ba a biya, in dai kana da data shi ke nan. Wallahi kun taimake mu. Darasin yadda ƙanƙara ke sassaƙa ƙasa yana cikin masu wahalar koyarwa a wurinmu, don yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firij ka ce masa wai ita ta haƙa kwari mai zurfin fiye da kilomita guda ruwan teku ya zo ya cike, kallon ka kawai zai yi.

Tsibirin Milne Land na ɗauka na yi misali da shi. Yana can cikin Scoresby Sund, mashigin tekun da ya kutsa cikin ƙasa wajen kilomita 350. Faɗin tsibirin murabba'in kilomita 3,913 ne, wato ya fi jihar Legas girma, amma ko mutum ɗaya ba ya zaune a kai, sai shanun dajin nan masu dogon gashi. Gari mafi kusa shi ne Ittoqqortoormiit wanda aka kafa a 1925, shi ma mutanensa ba su kai 500 ba. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, William Scoresby, ne ya raɗa wa tsibirin suna a 1822, sai a 1891 zuwa 1892 ayarin masu bincike na Carl Ryder ɗan Danmak suka shiga lungunan ciki sosai har suka yi hunturu a Hekla Havn da ke ɗan tsibirin Danmark Ø daga kudu.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne launukan da kuka sa a taswirar duwatsu. A hoton tauraron ɗan adam rabin wurin fari ne fat ba ka gane komai, a taku kuwa sai ka ga tsibirin kashi-kashi, yamma da arewa tsohon dutse ne mai tauri da tsaunuka masu kai wa wajen mita 2,000 sun miƙe tsaye a kan ruwan Øfjord, gabas kuma wajen Kap Leslie dutsen yashi ne da na laka na zamanin Jurasik, wato wani tsohon zamani na miliyoyin shekaru da suka wuce, cike da ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse, ga kuma baƙin dutsen aman wuta da ya malalo ya rufe saman wasu tuddan kimanin shekara miliyan 55 da suka wuce. Wata yarinya a aji ta ce malam ke nan tudun nan da a ƙarƙashin teku yake? Na ce ƙwarai kuwa, kuma ita ta gano da kanta daga launin nan.

Mun san wannan aiki ba a ofis aka yi shi ba, sai da mutane suka kwana a tanti suna hawa dutse da guduma cikin 'yan makonnin bazara kafin teku ta sake daskarewa. Sannunku da ƙoƙari.

Roƙo ɗaya dai, a taimaka a riƙa sa ƙananan fayil ɗin taswirorin da waya za ta iya saukewa da sauri, don netwok ɗinmu sai a hankali.

Naku,
wani malamin jogirafi daga arewacin Najeriya