Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Zuwa ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Karatu

Assalamu alaikum, ƴan uwa.

Da batun kuɗi zan fara, don na san idan na ajiye shi a ƙarshe da yawa ba za su kai can ba. Mu 34 ne a rajista, kowa dala ɗari (sefa 500) a wata; jika ɗaya kuwa dala 200 ce. Da an biya yadda muka yi alkawari, da jika 204 ne suka shiga asusu bana. Jika 87 da rabi suka shigo. Mutum 9 ne kawai suka biya wata 12 cif, mutum 11 kuma ko dala ba su ba da ba tun Janairu. Kun san ba ni ne ma'aji ba. Littafin kuɗi ya faɗo hannuna ne da aka mayar da ma'ajinmu aiki Damagaram, aka ce in riƙe na wata biyu, ga shi shekara ta zagayo. Na bi mutane a waya, na bi su gida, akwai wanda ya hango babur ɗina a bakin kasuwa ranar Litinin ya shige rumfar masu atamfa. Malam, na gan ka.

Wannan giɓin ne ya tsayar da kabad ɗin littattafai. An sha tambayata ina ya kwana, wasu ma da wata irin murya. Yana wurin kafinta, an haɗa jikinsa, saura ƙofofi da makulli. Mun ba shi jika 25 cikin 45, ya ce ba zai ƙara buga ƙusa ba sai ya ga sauran, kuma ban ga laifinsa ba. Littattafanmu suna nan cikin kwali uku a ɗakina, damina ta taɓa na ƙasa. Odar littattafai ta Kano ma rabi ta zo. Mun rubuta sunaye 20, kuɗinmu bayan canji zuwa naira ya sayi 11, direban da ya ɗauko su ta Jibiya da Ɗan Isa kuma ya karɓi nasa. Duk takardun suna hannuna, mai so ya zo ya duba.

Mun yi zama 9 cikin 12 da muka tsara. Azumi ya ci ɗaya, ruwan Agusta ɗaya, ɗayan kuma mu uku muka zo muka sha shayi muka watse.

Littafi huɗu muka gama tare. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo da farko, kuma mata ne suka ƙwace zaman. Hajiya ta ce sunan ɗan aka sa a bango amma littafin na uwar ne, matar da ta bi sawun ɗanta har cikin Sahara ta faɗa bauta a hanya. Matasa sun ce labarin yana tafiya a hankali kamar ayarin raƙuma. Ni ina bayan Hajiya. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina kuwa, da yake a kan fasa-ƙwauri yake, ƴan kasuwarmu sun yi shiru a ranar fiye da yadda muka saba, har sai da Alhaji ya ce marubucin bai san wahalar hanya ba, aka fashe da dariya. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. An kai magariba ana jayayya a kan komawar Rabi gidan mijin da ya kore ta da ƴaƴanta, bayan ta tsaya da ƙafarta da sayar da abinci. Ƙannenmu ƴan jami'a sun ce an cuce ta sau biyu. Iyayenmu mata sun ce ku bari ku yi aure tukuna. Ba a rabu da matsaya ba, kuma a ganina zaman da ya fi kowane armashi ke nan a cikin gari.

Na huɗu shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, kuma shi ya kai mu Maijirgi. Littafin da Faransanci yake, rabinmu kuwa ba su yi lakwal, wato karatun boko, mai nisa ba. Mushe, wato malamin lakwal ɗinmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ɗauki Asabar uku yana karantawa yana juyawa da Hausa a tsaye, babi bayan babi, ba takarda a hannunsa sai littafin. Da muka zo inda sojojin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a 1899, sai wani ya ce ai kaburburan mutanen nan biyu suna nan jiharmu ta Maraɗi, a Maijirgi, gaba da Tasawa kaɗan a hanyar Damagaram. Nan take aka ce a je. Abin mamaki, kuɗin mota da aka yanka, jika 4 kowa, ya taru cikin kwana biyar. Har waɗanda nake bi bashin wata takwas sun biya a ranar farko. Na rubuta wannan ne don a san aljihu ba shi ne matsalar ba.

Mu 22 muka tashi bayan asuba. Hajiya ta zo da dambun zogale cikin kula biyu, aka sayi fura a Tasawa. Kaburburan ba wani abin kallo ba ne, kuma hakan ne ya fi taɓa ni: mutanen da suka ƙone Birnin Ƙonni, suka bar gawawwaki a garuruwa tun daga bakin Kwara, suka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da su, ga inda suka ƙare a watan Yuli na shekarar, a hannun sojojinsu. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwa, Mushe ya sake karanta babi ɗaya. Dattawa biyu na garin suka matso, ɗayansu ya ba mu abin da ya ji daga kakarsa, yadda aka gudu daji aka bar hatsi a rumbu. Ƙaramarmu a ƙungiya, wadda ba ta taɓa buɗe baki a zama ba, ita ta tambaya ko Sarauniya Mangu ta littafi ita ce ta gaske, ko marubucin ya ƙara mata tsawo don ƙasa na neman jaruma. Aka yi ta kai-kawo. Mushe ya ce aikin mai ƙaga labari ke nan, wani ya ce to kada a koyar da shi a matsayin tarihi. A hanyar dawowa ba wanda ya yi barci, ba wanda ya kunna waƙa, gardamar ce har ƙofar gari. Shekara biyar ina cikin wannan ƙungiya, ban ga rana irin wannan ba.

A can ne aka yi alkawarin rubuta fassarar Mushe a takarda, tun da bana an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Mutum shida suka ɗaga hannu. Shafi 7 aka kawo mini, duka daga mutum ɗaya. Ban da haka ma sai an nemi izinin masu haƙƙin littafin kafin a yi maganar bugawa, wasiƙar kuma ba a rubuta ba, don wanda ya karɓi aikin bai sake zuwa ba.

Akwai waɗanda ba mu gan su ba tun ƙaramar salla, amma kullum suna WhatsApp suna turo littattafan waya masu shafi 600 suna cewa a karanta. Ba na raina littafin waya, ni ma ina karantawa idan an ɗauke wuta. Sai dai wanda ya turo ya zo ya faɗa mana abin da ya gani a ciki. Haka kuma littafi na 2 na Magana Jari Ce ya fita tun Maris bai dawo ba. Sunan wanda ya ara yana rubuce, ban so in karanta shi a gaban mutane.

Yanzu littattafan da ke hannun mutane: Mushe ya koma Ruwan Bagaja, ya ce karo na tara ke nan, ƴan jami'a suna zagaya In Da So Da Ƙauna a tsakaninsu, ni kuma ina tsakiyar Ganɗoki, wanda nake ba da shawara mu buɗe shekara da shi.

Zaman Janairu Asabar ta biyu ne, bayan la'asar, inda muka saba. Za a zaɓi sabon ma'aji, kuma a ranar zan miƙa littafin kuɗi ko an zaɓa ko ba a zaɓa ba. Kafinta yana jiran jika 20.

Wassalam,
Sakatare