Wasiƙa daga Tudun Wada: Sakamakon Gwajin Suga

Tudun Wada, Kaduna
Daren Alhamis

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya ruwan saman da ba ya ɗaukewa, ya iyali? Na ga kiranka har sau biyu ranar Lahadi ban ɗaga ba, kuma na san ka gama yanke mini hukuncin girman kai. Wallahi ba haka ba ne. Maganar da ke bakina ba ta waya ba ce, don na san halinka, kafin in kai aya za ka tare ni da "ka sha zogale". Shi ya sa na bari yara suka yi barci, na zauna in rubuto maka a tsanake.

Likita yana zargin ciwon suga ya kama ni. Bai rubuta a kati ba tukuna, sai sakamakon ranar Talata ya fito, amma yadda ya yi maganar na gane ya riga ya fahimci inda aka dosa.

Abin ya daɗe yana yi mini sallama, ni ne na ƙi amsawa. Tun ɗinkin Babbar Sallah nake fama da ƙishirwa. Sai in shanye ruwan leda goma kafin la'asar, bakina kuma kamar na ci garin kwaki. Na ce zafi ne. Da dare in tashi fitsari sau huɗu, sau biyar, na ce ai ruwan da nake sha ne. Wandona ya fara zamewa, na ɗauki tef na auna ƙuguna, na ga inci biyu sun tafi, na rage wandon da hannuna ina murna wai tumbi ya sauka. Tela guda, mai auna jikin mutane kullum, ya auna nasa bai karanta komai ba.

Allura ce ta fara ba ni tsoro. Shekara ashirin da biyu ina kan keke a Kasuwar Barci, ko da fitilar waya ina zura zare. Ran nan na lashi bakin zaren, na kai shi, ramin allurar ya zame mini hazo-hazo. Sau shida ina gwadawa. Yaron shagona yana gefe yana satar kallona, kunya ta hana shi cewa in kawo. A ƙarshe ni na miƙa masa ba tare da na dube shi ba. A makon nan kuma uwargida ta ja ni gefe ta ce ta ga tururuwa na taruwa a inda na yi fitsari a bayan gida. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban ce uffan ba, amma mu duka Baffa muka tuna.

Washegari da yamma na tsaya a kemis, aka soke mini yatsa, ɗan injin ya nuna 218. Na ci masa da rana, na kora da lemon kwalba, don haka na ce wa kaina laifin masar ne. Mai kemis ɗin, Allah ya saka masa da alheri, bai sayar mini da komai ba. Ya ce injinsa ba ya yanke hukunci, in je asibiti da sassafe, kada in ci komai na aƙalla awa takwas, ruwa kawai.

Yanzu ga inda za ka yi mini dariya. Da takardar lab ta fito na ga 7.6. Daga 218 zuwa 7.6 a kwana biyu! Na shiga wajen likita ina washe baki, har na fara ba shi labarin tafarnuwar da na haɗiya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ma'auni biyu ne daban, kamar inci da santimita a tef ɗina. In za a mayar da na lab zuwa na kemis, sai a ninka shi sau 18, wato 7.6 ɗina kusan 137 ke nan. Mai lafiya da ya kwana bai ci ba yakan kasance ƙasa da 5.6, wato 100. Daga 7.0 zuwa sama, wato 126, nan ne iyakar ciwon. Na tsallake iyakar, ko da ba da nisa ba. Murmushin nan ban san lokacin da ya bar fuskata ba.

Ya sa in maimaita gwajin, ya ƙara da wani da ake kira HbA1c. Shi wannan ba ruwansa da abin da ka ci jiya, yana tona asirin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma in ya kai 6.5 cikin ɗari magana ta tabbata. Har ya tambaye ni rukunin jinina na sikila, da na ce AS ne ya rubuta a takardar, don wasu injinan gwajin sukan ruɗe da irin jininmu.

Bayanin da ya yi mini ya zauna a kaina, saboda da yaren kasuwa ya yi shi. Ya ce tuwo, shinkafa, burodi, doya, duk suna komawa suga a cikin jini, kamar tirela ce ta sauke kaya a bakin kasuwa. Insulin, wani sinadari da jiki ke samarwa, shi ne ɗan dakon da ke shigar da kayan shaguna. A irin ciwon da ke kama manya, masu shaguna ne suke fara ƙin buɗe ƙofa, 'yan dako su yi ta wahala har su gaji su ragu, kaya su taru a kan hanya. Ƙoda ta ga cunkoso sai ta fara zubar da sugan ta fitsari, ta tafi da ruwan jiki, shi ne ƙishirwar. Jiki kuma yana cikin abinci yana jin yunwa, sai ya koma cin kansa, shi ne ramar. Hazon idon ma sugan ne ya canja ruwan da ke cikin ƙwayar idon, kuma yakan washe in suga ya daidaita. Ya ce kada in yi saurin yanko gilashi, amma dole a duba mini can cikin idon, da ƙoda, da hawan jini.

Da rana ina iya ɗaukar duk wannan. Dare ne matsalar. Ka tuna Baffa, yadda ƙusa ta ɗan soke shi a tafin ƙafa bai ma ji ba, sai da aka ga jini a takalminsa? Wata uku ana ɗaura masa ganye da toka, har wari ya hana jikoki shiga ɗakin. Ni na riƙe shi a bayan mota ranar da aka kai shi asibiti, ni kuma na dawo da takalminsa ƙafa ɗaya a leda. Wannan ledar nake gani in na rufe ido. Ga yara huɗu, babbar ba ta gama sakandare ba, kuma abincinmu a ƙafata da idona yake. Na faɗa wa likitan labarin. Ya ce abin da ya kai Baffa nan shekarun da sugan ya yi yana ɓarna a ɓoye ne, har jijiyoyin ƙafar suka daina ji. Ya sa na cire takalmi ya duba tsakanin yatsuna, ya ce in riƙa yin haka kullum kafin in kwanta. Yanzu ina alwala ina leƙen ƙafata kamar mai neman kuɗin da ya faɗi.

Masu ba da magani kuwa sun yi mini caa. Kuskurena na faɗa wa maƙwabcin shagona. Kafin azahar layin gaba ɗaya ya zama asibiti: mai shuwaka, mai garahuni, mai cewa in daina suga in koma zuma, alhali zuma da dabino ma suna ɗaga shi. Wani har ya kawo mini mai lasifika da jarka, wai kwana bakwai an rabu da ciwon har abada. Na ce masa in da gaske ne, da bai tsaya tallan jarka a rana ba. Ban raina ganye ba, ina cin zogale da rama kamar akuya, amma abin da ban san awonsa ba ba zan ɗura wa ƙodata ba.

Mafi wuya shi ne shayi. Ka san yadda nake sha, cokali huɗu da madarar gwangwani, safe da dare. Ranar farko da na kurɓa ba suga sai da na ji kamar an zage ni. Lemon kwalba na yanke shi gaba ɗaya, tun da nas ta ce mini ƙaramar kwalba kan ɗauki suga kusan cokalin shayi tara. Tuwo malmala ɗaya, miyar kuɓewa ko kuka da yawa, wake ya zama abokin kullum. Uwargida ta samo acca daga wajen wata 'yar Kafanchan, amma an gargaɗe ni cewa ita ma in na cika kwano da ita, labarin ɗaya ne. Na daina hawa keke napep zuwa shago, ina takawa minti talatin, ranar Asabar kuma na je Murtala Square na bi sahun tsofaffin ma'aikata masu zagaye da ƙaton tumbi. Guiwata na ta ƙorafi.

In ciwon ya tabbata, likita ya ce watakila da maganin suga da ake kira metformin za mu fara, maganar azumi kuma sai mun zauna kafin Ramadan, kada in yanke wa kaina.

Kai kuma, Hajiya ta shekara nawa tana shan maganin suga? Hoton da ka turo na bikin nan, babbar rigar ma ba ta rufa maka asiri ba. Gemuna ya kama wuta, ka san abin da ake yi da ruwa. Ka je asibiti ba ka karya ba, ka turo mini lambar, kuma ka duba ma'aunin kafin ka yi murna.

Shaddarka tana nan ban yanka ba, don ban yarda da tsohon awonka ba. Ka sa tela ya auna ka, ka aiko da sabo. Kada ka faɗa wa Inna komai sai na je Zariya da kaina. Ka gaida maman yara, ka shafa mini kan autanka. Talata bayan magariba ka kira, zan ɗaga.

Naka,
abokinka na Tudun Wada