Sista Emmanuelle ta koma gida, amma a hannun wa ta bar yaran?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirin da kuka gabatar makon jiya a kan Sista Emmanuelle, 'yar mishan ɗin nan ta ɗariƙar Katolika da ta shekara 22 cikin masu kwasar shara a birnin Alƙahira kafin ta koma Faransa a 1993. Shirin ya yi daɗi, har na sa ɗana ya nemo mini shi a intanet na sake saurara. Sai dai kun ajiye labarin tun bai kai gaɓa ba. Kun raka ta har filin jirgi, kuka ce ta tafi, aka sa kiɗa. Ba ku gaya wa masu sauraro a hannun wa ta bar yaran ba, kuma a ganina nan ne gishirin zancen yake.

Ni Musulmi ne, na yi karatu a Azhar, kuma shekarunta na ƙarshe a Masar sun zo daidai da shekaruna na farko a can. Ban taɓa haɗuwa da ita ba, amma mutanenta kam na san su. Kullum da asuba idan mun fito sai mu ci karo da amalanken jaki a bakin titi. Uban yana hawa benaye yana saukowa da kwandunan shara a kafaɗa, yaro ɗan shekara bakwai ko takwas yana zaune bisa tulin yana gadin jaki, yana gyangyaɗi. Zabbalin ake ce musu. Yawancinsu Kiristoci ne Kibɗawa da talauci ya koro daga ƙauyukan kudancin Masar, wajen Asyut. Sharar da suka kwaso gida suke kai ta, mata da 'yan mata su zauna su tsince ta da hannu: ragowar abinci a ba aladu, takarda da gwangwani da tsumma da roba a sayar. A kan wannan birnin yake tsabtata, amma birnin ba ya son ganinsu.

Sau ɗaya wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya kai ni Manshiyat Nasir, gindin dutsen Muƙaɗɗam. Tun daga nesa na toshe hanci da hannun riga. Muna cikin tafiya sai ga wata yarinya ta ratso tsakanin buhunan shara sanye da kayan makaranta fes, da jaka a baya, ta dube ni, ta wuce. Na sauke hannuna, kuma har muka fita ban sake ɗaga shi ba. A ranar na fara jin sunan matar nan a bakin mutanen unguwa. Ba Sista suke ce mata ba, "Ablati" suke cewa, wato yayata.

Abin da kuka faɗa game da rayuwarta daidai ne. An haife ta a Brussels a 1908, sunanta na yanka Madeleine Cinquin, ta shiga ƙungiyar sistoci ta Notre-Dame de Sion, ta yi kusan shekara 40 tana koyar da 'ya'yan masu hali a Istanbul da Tunis da Iskandariya. Sai a 1971, ta haura shekara 60, lokacin da sa'o'inta ke neman wurin hutawa, ta tattara 'yan komatsanta ta tare a wata bukka a Izbat al-Nakhl, wata unguwar Zabbalin, cikin ɓeraye da ƙuda. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne jarirai da ciwon tetanus ke kashewa saboda ana yanke cibiya da abin da ba shi da tsabta, da kuma 'yan mata da ake aurarwa tun ba su san harafi ɗaya ba. Daga nan aka samu ɗakin shan magani, da ajin yara, da wurin haihuwa, sannan aikin ya kai Muƙaɗɗam a farkon shekarun 1980. A 1991 gwamnatin Masar ta ba ta shaidar zama 'yar ƙasa.

Yanzu ga inda kuka tsallake. Tafiyarta a 1993 ba da son ranta ba ne. Shugabanninta ne suka ce ta dawo, tana dab da shekara 85, ita kuwa burinta ta mutu a cikin Zabbalin a binne ta kusa da su. Ta yi biyayya, ta koma wani gidan tsofaffin sistoci a garin Callian, kudancin Faransa. Duk wanda ya taɓa daɗewa a ƙasar wani ya san irin wannan komawa. Ni shekara shida kawai na yi, amma da na dawo sai da na ɗauki watanni ina jin kaina baƙo a ɗakin mahaifiyata. Ina ga wadda ta bar Turai tana budurwa ta dawo tsohuwa tukuf? Gidan da ake cewa ta koma, ai na takarda ne. Gidanta na zuciya yana can bayanta.

Me ya sa aikin bai rushe ba da ta juya baya? Saboda tun a tsakiyar shekarun 1970 ta jawo wata 'yar ƙasa a jiki, Sista Sara, Bamisriya, 'yar cocin Kibɗawa, ba ma 'yar Katolika ba. Sun kwana ɗaki ɗaya, sun ci tuwo ɗaya kusan shekara 18, kuma ita ce ta riƙe ragamar bayan 1993, ta ci gaba da faɗi-tashin ganin 'yan matan Muƙaɗɗam sun wuce firamare, wasu har jami'a. Haka nan tun 1980 Sista Emmanuelle ta kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Asmae, wadda ba ta addini ba ce, kuma salon aikinta shi ne tallafa wa ƙungiyoyin 'yan ƙasa su yi da kansu, a Masar da Lebanon da Filipin da Madagaska da Burkina Faso. Wato tun tana da sauran ƙarfi ta riga ta shirya ranar da ba ta nan. Sunan Sista Sara bai fito ko sau ɗaya a shirinku ba. Wannan bai yi mini daɗi ba, domin ya sa labarin ya koma irin wanda muka gaji da ji: Baturiya ta zo ta ceci bayin Allah, ta tafi. Alhali ungozomomi da malaman aji da iyayen da suka haƙura da kuɗin da yaro ke samowa suka sa shi makaranta, duk 'yan unguwar ne.

Na san wasu 'yan uwana za su ce me ya kai Alhaji yabon 'yar mishan. Tsoron da ake yi ba na banza ba ne, an sha ganin inda aka bi ta cikin yunwar yaro aka raba shi da addinin iyayensa, kuma ni ma ba zan yarda da hakan ba ko daga wa ya fito. Amma adalci ya wajaba a kanmu ko ga wanda muka saɓa da shi. Matar nan an san ta da ƙin jan yaran Musulmi zuwa addininta, kuma makarantunta da asibitinta na kowa ne. Ban ji wani Bamisre, Musulmi ko Kirista, ya zarge ta da wannan ba duk zamana a can.

Ko a Faransa ba ta naɗe hannu ba. Ta shiga taimakon marasa matsuguni, tana fita a talabijin tana zaburar da mutane da kalmar da ta ɗauko daga titunan Alƙahira, "Yalla", wato mu je. Ta rasu a Callian ranar 20 ga Oktoba, 2008, saura 'yan makonni ta cika shekara 100.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ku yi kashi na biyu. Ku aika wakilinku Muƙaɗɗam ya nemo matan da suka yi karatu a waɗancan azuzuwa, yanzu sun zama iyaye, ya tambaye su yadda unguwar ta kasance bayan 1993, da yadda suka ji a 2009 lokacin da gwamnati ta sa aka karkashe aladu saboda fargabar murar aladu, hanyar abincinsu ta tafi dare ɗaya. Idan kuɗin tafiya ya gagara, to ga 'yan bola jari nan a bayan ofishinku, yara da buhu a kafaɗa da maganaɗisu a hannu. A miƙa musu makirufo su ma, a tambaye su wa ke duba su idan ƙusa ta soke su a ƙafa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani tsohon ɗalibin Azhar,
Katsina.