Dan Allah iyaye ku bar yaran nazire su yi wasansu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in amayar da abin da ke cikina. Ni malamar nazire ce, ajin 'yan shekara 3 zuwa 4 nake riƙe da shi. Satin da ya wuce wata uwa ta tare ni a bakin get lokacin tashi, ta zazzage jakar ɗanta a gabana tana cewa Anti duba fa, zango ya kusa ƙarewa littafin yaron nan ko shafi biyar bai cika ba, kullum in an tambaye shi me kuka yi yau sai ya ce wasan ruwa da yashi, wai kuɗin karatu muke biya ko na wasa, ga ɗan maƙwabciyata can a wata makarantar har ya iya 1 zuwa 100 kuma kullum da aikin gida yake dawowa. Wallahi ban ji haushinta ba, son ɗanta ne ya sa, amma tunda ba ita kaɗai ke wannan ƙorafin ba na ce bari in rubuto.

Wasan ruwan nan da ake rainawa ga yadda yake. Baho ne da kofuna, wani dogo siriri wani gajere mai faɗi. Sai in zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, yaro ya yarda daidai suke, sai in juye ɗaya cikin dogon kofin a gaban idonsa in ce to yanzu wanne ya fi yawa? Kusan dukkansu dogon suke nunawa, har da rantsuwa. Ba daƙiƙanci ba ne, haka ƙwaƙwalwar mai shekarun nan take, Jean Piaget masanin nan ɗan ƙasar Siwizalan ya daɗe da nuna cewa sai wajen shekara 7 yaro ke gane cewa canjin mazubi ba ya ƙara ruwa. To wanda har yanzu yake ganin ruwa ya ƙaru don kofi ya yi tsawo, me lamba 87 take nufi a kansa in ban da waƙa?

Kuma waƙar ce fa. Na sha karɓar yaran da aka ce sun iya 1 zuwa 100, in zube murafun kwalba a tabarma in ce miƙo min guda 6, sai ya damƙo cike da hannu, ko ya riƙa taɓa murfi ɗaya sau biyu baki na gudu yatsa na baya. Ranar da yaro ya taɓa kowane murfi sau ɗaya tak, ya tsaya a 6, na ce nawa ne, ya ce 6 ba tare da ya sake komawa farko ba, ranar ni kam da murna nake kwana, amma babu abin da zai shiga littafi da uwa za ta gani.

Rubutu ma haka. Hannun ɗan shekara 3 bai gama ƙwari ba, shi ya sa muke ba su yumɓu su murza, su yaga takarda, su zura igiya cikin dutsen ado, su koyi riƙe almakashi, su sa maɓallin rigarsu da kansu. Yatsu ukun da za su riƙe fensir ne ake horarwa. Maria Montessori, likita ce ma ita, da ta buɗe ajinta na farko a birnin Rum a 1907, haruffa ta yanka da sanfefa yara suna bi da yatsa suna jin siffar harafin tun kafin a ba su abin rubutu. Mu a faranti muke zuba yashi su zana. Shi kuwa Friedrich Froebel na Jamus da ya raɗa wa irin wannan ajin suna a 1840, lambun yara ya kira shi, kuma 'yan katakai da ƙwallaye da waƙoƙi ya ba su. A Finlan har yau sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga aji ɗaya na firamare.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mu ma malamai da masu makarantu muna da laifinmu. Akwai inda ake tara yara 40 a ɗaki ɗaya a kunna musu katun tun safe Anti na gefe tana danna waya, a kira shi koyo ta hanyar wasa, wannan kam zaman kashe wando ne kuma uwar da ta yi faɗa a kai tana da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 cewa ta yi 'yan shekara 3 zuwa 4 kada kallonsu ya wuce awa 1 a yini, kuma su samu aƙalla minti 180 suna motsa jiki. Wasan da nake karewa shi ne wanda malama ke durƙushe kusa tana tambaya, me ya sa ginin naka ya faɗi, wanne za mu sa a ƙasa, wa zai fara wa zai jira. Jiran layin nan kaɗai sai mu yi wata biyu muna fama, ga kuka ga ƙwace.

Roƙona ga iyaye, in yaro ya dawo a daina fara buɗe jaka, a ce ya ba da labarin da Anti ta karanta yau, ko ya ƙirgo cokula 5 ya kawo. Ita uwar da na faɗa na gayyace ta ta zo ta zauna da mu safiya ɗaya, ta ce sai ta samu sarari a wajen aiki, ina nan ina jiranta.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Taku,
Wata malamar nazire