Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alhajin Da Ya Yi Mini Tambayar Dala A Katako

Assalamu alaikum Alhaji. Ina gaisuwa, da fatan iyali da kasuwa suna lafiya.

Ranar taron 'yan kasuwar hatsi a kasuwar Katako ta nan Jos ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Malam, kullum rediyo na cewa kayan da Najeriya ke fitarwa waje sun ƙaru, ana kiran tiriliyoyi. To me ya hana dala komawa inda ta fito, me ya hana buhun taki saukowa?" Kafin in buɗe baki aka kira La'asar. Na ga yadda mutane suka yi ta gyaɗa kai, shi ya sa na ga ya dace in amsa a fili.

Alhaji, fara tambayar da wane mudu aka yi awon. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton cinikin waje duk bayan wata uku, kuma da naira take lissafinta. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da Babban Banki ya sakar wa naira mara, a farkon 2024 dala ta kai 1,500. To ka ɗauka wani ya loda tan ɗari na riɗi daga Dawanau kafin sakin, ya sake loda tan ɗari bayansa, baƙon da ke saye kuma bai ƙara masa ko dala ɗaya ba. A takarda kuɗin sun ninka sau uku. A cikin jirgi ko buhu ɗaya bai ƙaru ba. Kai da gashinka ya yi fari a bakin awo ka fi ni sanin cewa idan aka ƙanƙance tiya, tiyoyi za su yi yawa, buhu kuwa yana nan yadda yake.

Ba wai babu ƙaruwa ta gaskiya ba. Koko ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024, manoman Ondo sun ji a aljihunsu. Muna fitar da takin yuriya, zoɓonmu yana zuwa har Meziko, matatar Dangote kuma ta fara samar da fetur a 2024, ta rage dalar da ake kashewa wajen shigo da shi. Amma har gobe ɗanyen mai ne uban tafiya, shi ke kawo mafi yawan dalar da ƙasar nan ke samu daga ciniki. Shi ma farashinsa kaɗai ba ya ba da labari. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ganga ta wuce dala 100. Wasu ƙasashen mai suka cika asusu. Mu kuwa satar mai da fasa bututu sun sa abin da muke haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a watan Agustan shekarar, tallafin fetur ya lashe ɗan abin da ya shigo.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai: ko an sayar, kuɗin sun dawo gida? Ƙa'ida ta ce mai fitar da kayan da ba mai ba ya cike takardar NXP, wato fom ɗin da ake bayyana kayan da za a fitar da kuɗinsu, ya maido kuɗin ta banki cikin kwana 180. Hatsin da ke fita ta ɓarauniyar hanya da ma'adinan da ake kwashewa a dazukanmu ba takarda, kayan sun tafi, dalarsu kuma ba ta leƙo kasuwar canjinmu ba. Manomin dankali a Bokkos shi ke biyan wannan giɓin, ranar da ya je sayen taki da maganin feshi.

Mu mutanen Jos bai kamata a koya mana wannan karatu ba. Kuza ce ta kafa garin nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aikinta a Bukuru, kuma yakan ce albashinsu a Landan ake yanke shi, su ba su sani ba. A Oktoban 1985 kasuwar kuza ta rushe a can, ta ƙarasa harkar da dama ta riga ta yi rauni. Kududdufan da aka bar mana daga Rayfield zuwa Barikin Ladi suna nan, damina da rani.

Na san kowace safiya yaranka na duba waya su ga nawa 'yan canji suka tsayar kafin a sa wa kaya kuɗi. Ban ga laifinsu ba, sai dai farashin canji labari ne da ya riga ya faru. Mai son hango na gaba ya duba ganga nawa aka haƙo a wata, tan nawa na amfanin gona ya fita, da ko asusun ajiyar waje na Babban Banki yana hawa ko sauka. Ina kuma roƙon masu ba da sanarwa su riƙa faɗa mana da tan da dala, ba naira zalla ba.

Idan rahoto na gaba ya fito, in Allah ya yarda zan kawo shi rumfarka bayan Azahar, mu buɗe shafin riɗi da citta tare.

Wassalam, ƙaninka a Jos.